Masu Tsaron Giwayen Zakuma a Ƙasar Cadi

Idan aka tambayi samarinmu da suka gama makaranta irin aikin kaki da suke so, za a ji soja, a ji ɗan sanda, a ji kwastan. Da wuya a sami wanda zai ce malamin daji. A wurinmu malamin daji shi ne mutumin nan da yakan tare mace a bakin gandu ya ƙwace mata gatari da itacen da ta ɗauko, ko ya kama maharbi da zomo ɗaya ya ce sai gaban alƙali, in kuwa aka miƙa masa ɗan abin goro sai ya kau da kai. Ba mai ganin aikin da daraja, ba kuma mai tsammani akwai mutuwa a cikinsa. Amma a maƙwabciyarmu Cadi akwai wani gandun daji da ake kira Zakuma, inda wannan aiki ya ci rayukan ma'aikata fiye da 20, ya kuma ceci garken giwayen da kowa ya riga ya fid da rai da shi. Saurayin da yake sha'awar aikin, da iyayen da za su sa masa albarka ko su hana shi, ya kamata su san yadda abin ya gudana a can.

Gandun Zakuma yana kudu maso gabashin Cadi, kusa da Am Timan, babban garin Salamat, tafiyar wajen kilomita 800 a mota daga Njamena. Faɗinsa ya ɗan wuce murabba'in kilomita 3,000, wato ya fi Yankari ta Bauci girma. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka, irin wadda mutanen Barno suke shuka masakwa a kai, mutanen Salamat ma abin da suke shukawa ke nan bayan ruwa ya janye. Da rani ƙasar takan tsage, ruwa ya rage sai a tafkuna da gurbin kogin Salamat, sa'an nan namun daji su taru a wurin: giwa, ɓauna, raƙumin dawa, gwanki, kanki, zaki, jimina, da gauraki dubbai. Daga watan Yuni kuwa zuwa Oktoba kogin yakan yi ambaliya, gandun ya zama fadama ɗaya, mota ba ta shiga, doki ma sai da wahala. A lokacin ne giwaye sukan fita daga gandun su nufi tudu, waɗansu arewa, waɗansu yamma. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta damina, gama kusan dukan labarin a kanta ya rataya.

Farautar giwa a wannan ƙasa ba sabon abu ba ne. Larabawan Salamat sun daɗe suna binta a kan doki da manyan masu, farauta ce ta jarumtaka wadda mutum yakan mutu a cikinta. Haure kuwa haja ce tun zamanin kakanni. Fatakenmu Hausawa sun sha zuwa Adamawa, su sayi haure a Banyo da Ngaundare, su kawo Kano, daga nan raƙuma su kai shi Tarabulus. Can gabas kuma sarakunan Wadai suna karɓar haure da bayi daga ƙasashen kudu a matsayin gaisuwa. Rabe, wanda ya ci Barno a 1893, ya yi shekaru a dazuzzukan da suke kudu da Salamat yana tara bayi da haure yana musayarsu da bindigogi, kafin Faransawa su kashe shi a Kusuri a 1900. Tun a wancan zamani haure da bindiga tare suke tafiya, wannan yana sayo wancan.

Aikin tsaron namun daji da kaki da albashi, Turawa ne suka kawo shi, ba su kuwa kawo shi da fuskar da talaka zai so ba. A 1900 da kuma 1933 ƙasashen da suke mulkin Afirka sun taru a Landan suka yi yarjejeniya a kan namun daji. Ta 1933 ita ce ta bayyana abin da ake nufi da gandun da aka keɓe ɗungum, ta kuma ƙi irin farautar da ake yi da gobara da dafi da ramuka da tarko. Sai mai karatu ya lura: waɗannan su ne hanyoyin farautar baƙar fata. Bature kuwa yakan biya kuɗin lasin, ya sauka a Fort Arshambo, garin da yanzu ake kira Sar, ya ɗauki masu bin sawu da 'yan dako, ya harbe toron giwa, doka tana bayansa. Mai gadin daji na farko ɗan ƙasa ne da aka ba hula domin ya hana ɗan'uwansa abin da aka yardar wa baƙo. Ƙiyayyar da ake yi wa malamin daji har yau, a nan saiwarta take, ba a Cadi kaɗai ba.

Duk da haka ba za a ce dukan Turawan nan munafukai ne ba. Waɗansunsu sun ga da idonsu yadda dabbobin suke ƙarewa. Wani jami'in farauta Bafaranshe, Mishel Anna, shi ne ya matsa har aka keɓe Zakuma a 1958, a lokacin da farauta ta kusa share raƙuman dawa na wurin. Bayan Cadi ta sami 'yancin kai a 1960, shugabanta na farko, Faransuwa Tombalbay, ya mai da wurin gandun ƙasa a 1963. Masu bi na Cadi suna tunawa da wannan mutum da wani abu dabam, wato tsanantawar da ya yi wa ikilisiya wajen ƙarshen mulkinsa, sa'ad da ya tilasta wa mutane shiga tsafin yondo, aka kashe fastoci da masu bi da suka ƙi. Amma gandun, sa hannunsa ne. An tashi waɗansu ƙauyuka domin a keɓe wurin, aka gina masaukin baƙi a Tinga, masu yawon buɗe ido suka fara zuwa daga Turai.

Zaman lafiyar bai daɗe ba. A 1965 talakawan Mangalme, can arewa da gandun, suka tayar wa masu karɓar haraji, daga nan Cadi ta shiga yaƙin da ya ɗauki shekaru fiye da 20. Gwamnatin da ba ta iya biyan soja ba, ina za ta tuna da mai gadin daji? Ma'aikatan suka watse, waɗanda suka rage kuwa ba albashi, ba harsashi. Kowace rundunar 'yan tawaye da ta bi ta wurin takan ci nama ta kwashi haure. Karkanda ta ƙare ƙaf, ganinta na ƙarshe a 1972 ne. An ƙiyasta giwayen yankin sun kai 22,000 a shekarun 1970, amma da aka ƙidaya daga jirgin sama a 1986 wajen 1,100 aka gani a gandun, ɓauna kuwa wajen 220 kaɗai.

Daga 1989 Tarayyar Turai ta fara ba da kuɗi aka farfaɗo da gandun. A wannan shekara ce kuma ƙasashen duniya suka taru a Lozan ta ƙasar Suwizalan suka hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa, kasuwarsa ta faɗi. Aka ɗauki ma'aikata, aka saya musu dawakai, aka gyara hanyoyi. Giwaye suka hayayyafa, waɗansu kuma suka gudo daga dazuzzukan da ba tsaro suka fake a Zakuma. Kafin 2002 sun wuce 4,300. Duk wanda ya ga wurin a lokacin zai ce an ci nasara.

Amma akwai rami a ƙarƙashin tabarmar. Aikin na rani ne kawai. Da ruwa ya sauka, sai manyan ma'aikata su rufe ofis su koma birni, masu gadi su taru a bariki, giwaye kuwa su fita daga gandun zuwa inda ba mai duba su har wata biyar. Muddin maharban na ƙauye ne masu tsohuwar bindiga, ɓarnar ba ta da yawa. Sai yaƙin Darfur ya ɓarke a 2003, makamai suka cika iyakar Cadi da Sudan, kasuwar haure kuma ta sake tashi a ƙasashen Asiya, musamman Sin, inda sababbin masu kuɗi suke son kayan ado na haure. Mahayan da suka fara zuwa daga gabas ba maharba ba ne irin na dā. Mayaƙa ne, da yawansu daga cikin waɗanda ake kira Janjawid, suna tafe a kan dawakai da raƙuma, da bindigogi masu aman wuta da wayar tauraron ɗan adam. Sukan yi tafiyar makonni, su yi sansani a daji, su jira garke. In sun same shi ba sa zaɓen toro mai manyan haure, sai su buɗe wuta a kan garken duka, uwa da ɗa, su sare fuskokin da gatari su bar gawa ga ungulu. Waɗanda suka tsere da harsashi a jiki su je can su mutu.

Lissafin yana da ban tsoro. A 2005 an ƙidaya giwaye 3,885. A 2006 sun koma 3,020. A wannan shekara wani Ba'amurke masanin daji, Mayk Fay, ya yi ta shawagi da ƙaramin jirgi da damina, ya ga gawawwaki wajen 100 a gefen gandun cikin 'yan watanni. Ya sa wa wata giwa abin wuya mai nuna inda take, suka raɗa mata suna Ani, ba a yi wata uku cikakku ba aka harbe ta. A watan Mayu na 2007 mahara suka faɗa wa hedkwatar gandun kanta domin su kwashe hauren da aka ƙwace aka ajiye, suka kashe masu gadi uku. A 2009 giwaye 617 suka rage, a 2011 wajen 450. Cikin shekara 8 an hallaka kusan 4,000.

Abin da ya fi ba ni tausayi a wannan tarihi shi ne halin da sauran giwayen suka shiga. Giwa dabba ce mai zama iyali iyali, tsohuwar uwa a gaba, 'ya'ya da jikoki a baya. Amma tsoro ya sa giwayen Zakuma suka cure wuri ɗaya, ɗaruruwa, suna tafiya kamar 'yan gudun hijira, ba sa daɗewa a mashaya, ƙarar kaɗan sai su zabura. Sa'an nan suka daina haihuwa. Giwa takan ɗauki ciki wata 22, ta yi shekaru tana renon ɗa, abin da ba ya yiwuwa ga mai gudu dare da rana. Waɗanda aka haifa ma, ko a tattake su cikin gudu ko a bar su a baya. A ƙidayar 2011, cikin garken nan duka, ɗan giwa ɗaya tak aka gani wanda bai kai shekara 5 ba. Ko da ba a ƙara harba harsashi ɗaya ba, garken da ba ya haihuwa ya riga ya kama hanyar ƙarewa.

A 2010 abu biyu suka faru. Cadi da Sudan suka yi sulhu suka kafa rundunar haɗin gwiwa a iyaka. Gwamnatin Idris Debi kuma ta danƙa gandun a hannun wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira African Parks, wadda hedkwatarta take Afirka ta Kudu. Ƙasar ta Cadi ce, doka ta Cadi ce, amma ƙungiyar ce take ɗaukar ma'aikata, ta biya su, ta sallami wanda ya ci amana. Mutumin da suka aiko, Riyan Labuskahni, ya zo da matarsa a farkon 2011. Abin da ya fara yi ba wani abin al'ajabi ba ne, cewa ya yi ba wanda zai ƙara barin gandun da damina. Aka tara abinci da mai tun da rani, aka share filayen saukar ƙaramin jirgi a wuraren da giwaye suke cin damina, aka sa wa waɗansu giwaye abin wuya domin a san inda garken yake kowace rana. Aka buɗe ɗakin rediyo da ba a rufewa dare da rana. Aka horar da masu gadi harbi da dabarun sintiri, aka kula da lafiyar dawakai, aka biya albashi a kan kari. Maimakon a tsare iyakar gandu, sai aka koma bin garken duk inda ya sa gaba.

Akwai kuma abin da a ganina ya fi bindiga amfani. Mahayan nan ba giwa kaɗai suke cuta ba. Sukan ƙwace wa makiyaya dabbobi, su washe ƙauye, su ci zarafin mutane. Sai gandun ya raba wa ƙauyukan kewaye rediyon oba-oba, ya ce duk wanda ya ga baƙin mahaya ya kira. Mutanen da dā in sun ga mai kaki sai su ɓuya, suka ga kiran nan yana kawo musu taimako su ma. Makiyayi ya san kowane sawu a dajin, ya san dokin da ba na ƙasar ba. Da idonsa ya koma wajen masu gadi, sai dajin ya yi wa ɓarawo ƙunci.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan sai daɗi. Farkon 2012 mahaya irin waɗannan suka shiga gandun Buba Njida a arewacin Kamaru, suka yi makonni suna kisa, giwaye ɗaruruwa suka mutu kafin gwamnati ta aika da soja. Da daminar wannan shekara kuma, a watan Agusta, aka harbe giwaye a Heban, wani wuri mai tudu can arewa da iyakar Zakuma inda garken yakan je. Masu gadi suka bi sawu, jirgi ya hango sansanin, suka faɗa masa. Maharan suka tsere suka bar kayansu: harsashi fiye da 1,000, wayar tauraron ɗan adam, maganin dawakai, wayoyin hannu masu hotunan giwayen da suka kashe, kakin 'yan sandan Sudan, har da takardar hutu mai hatimin sojan Sudan. Aka bar masu gadi shida da mai dafa musu abinci a kan tudun domin su ci gaba da duba garken.

Maharan ba su koma gida ba. Sun laɓe suna kallo har wajen mako uku, suka san lokacin kwanciyar mutanen da lokacin tashinsu. Ran 3 ga Satumba 2012, da asuba, masu gadin suka fito daga tantinsu suka tsaya salla, gama dukansu Musulmi ne. A nan aka buɗe musu wuta. Biyar suka mutu nan take. Na shida ya ruga, ba a ƙara ganinsa ba har yau. Mai dafa abincin ya sami rauni, amma ya ja jiki cikin taɓo, tafiya mai nisa, har ya kai wani ƙauye ya ba da labari. Maharan suka kwashe dawakai da bindigogi suka nufi gabas. Daga baya dangin ɗaya daga cikin mamatan suka bi sawu har Sudan, aka kamo mutum ɗaya aka kawo Am Timan, amma ya tsere daga kurkuku kafin a gama shari'a.

Mu masu bin Almasihu da muka sha jin labarin waɗanda aka kashe suna cikin sujada, bai kamata wannan ya wuce mu kamar labarin waɗansu ba. Magidanta ne, masu mata da 'ya'ya, an kuwa zaɓi sa'ar da suka ajiye bindiga suka fuskanci Mahaliccinsu. Ubangijinmu ya bambanta makiyayi na gaske da ɗan ƙodago, ya ce ana gane su ne sa'ad da kyarkeci ya zo. Abokan aikin mutanen nan sun ga kyarkecin da idonsu, ba su kuwa ajiye aikin ba. Bayan Heban aka kafa ƙungiyoyin kai ɗauki na musamman da ake kira Mamba, da sunan macijin nan mai saurin sara, aka ƙara kula da yadda ake kafa sansani da tsaronsa.

Sakamakon ya zo a hankali, yadda cikin giwa yake. A 2013 aka ga sababbin 'ya'ya 21. A watan Fabrairu na 2014 Shugaba Debi ya zo bikin cikar gandun shekara 50, ya cinna wa haure fiye da tan ɗaya wuta a gaban jama'a. A 2018 aka ƙidaya giwaye 559, cikinsu 127 ba su kai shekara 5 ba. A 2021 sun kai 636. Babban garken nan na tsoro ya fara rarrabuwa iyali iyali kamar dā, toraye kuma suka riƙa zuwa shan ruwa har kusa da gidajen ma'aikata. Ɓauna da suka rage 220 sun haura 10,000. Raƙumin dawa irin na Kordofan, wajen rabin waɗanda suka rage a duniya a Zakuma suke. Gaskiya ne Sin ta rufe kasuwar haurenta a ƙarshen 2017, wannan ma ya taimaka, amma giwayen sun fara haihuwa tun haure yana da tsada ƙwarai. Ba kome ne ya yi kyau ba: karkanda shida da aka kawo daga Afirka ta Kudu a watan Mayu na 2018, huɗu sun mutu kafin shekara ta ƙare, ba harbi ba, abincin dajin ne bai karɓe su ba. An sake kawo biyar a watan Disamba na 2023.

To, yaya mutum yake shiga wannan aiki? Ƙofa biyu ce. Ta farko ta masu takarda. A Garwa ta Kamaru akwai makarantar koyon aikin namun daji da aka buɗe a 1970 domin ƙasashen da suke aiki da Faransanci, manyan jami'an daji na Cadi da Nijar da Kamaru da yawa a can suka yi karatu. Masu Turanci suna da tasu a Mweka ta Tanzaniya tun 1963, Nijeriya kuma tana da kwaleji a Sabuwar Busa kusa da tafkin Kainji. A nan ake koyon halin dabbobi, ƙidayarsu, cututtukansu, da dokokin da suka shafe su. Ƙofa ta biyu ta 'yan sintiri ce, yawanci daga ƙauyukan kewaye ake ɗaukarsu. A wurinsu abin da ake dubawa shi ne ƙarfin jiki, jimrewa da yunwa da ƙishi, iya doki, iya bin sawu, da amana. Amma ko ɗan sintiri yanzu sai ya iya karanta na'urar nuna wuri, ya rubuta rahoto, ya san yadda ake adana shaida. Gama kama ɓarawo rabin aiki ne. Cadi tana da dokar daji da namun daji ta 2008, amma in mai gadi bai iya tsayawa gaban alƙali ya faɗi inda ya sami haure da ranar da ya same shi ba, gobe zai gamu da mutumin a kasuwa.

Ladan aikin kuwa ba shi da yawa. A 2016 ƙungiyar WWF ta tambayi masu gadi 570 a ƙasashen Afirka 12. Kashi 82 cikin ɗari suka ce sun taɓa shiga halin da ransu yake cikin hatsari, fiye da rabi suka ce ba su da isassun kayan aiki, fiye da rabi kuma suka ce ba sa so 'ya'yansu su gaje su. A gandun Birunga na Kwango an kashe masu gadi fiye da 200. Kusa da mu kuma hatsarin ya sake kama. A gandun W, inda Nijar da Binin da Burkina Faso suka haɗu, masu tayar da ƙayar baya ne suka mai da dajin mafaka, a watan Fabrairu na 2022 nakiyoyin da suka binne a ɓangaren Binin suka kashe mutum tara, biyar daga cikinsu masu gadi ne. Wanda ya shiga aikin domin son dabbobi yakan iske kansa a bakin dāgā.

Akwai hatsari na biyu, wanda a matsayina na mai koyar da masu shirin baftisma ya fi damuna, shi ne abin da bindiga take yi wa mai riƙe da ita. An ba saurayi kaki da makami, an tura shi daji inda ba mai ganinsa, mutanen da zai gamu da su kuwa galibi ba Janjawid ba ne, mai saran itace ne, da mai su, da yaro mai kiwo. A watan Mayu na 2025 ƙungiyar African Parks da kanta ta amsa cewa ma'aikatanta sun ci zarafin mutanen Baka a gandun Odzala na Kwango Barazabil, bayan binciken da lauyoyi suka yi. Ƙungiyar da ta yi abin yabo a Zakuma ke nan. Sa'ad da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, bai ce su tuɓe kaki ba, ƙwace da ƙazafi ya hana su, ya kuma ce albashinsu ya ishe su. Littafin Farawa ya nuna aikin farko da aka ba mutum shi ne noman gona da kiyaye ta, saboda haka ba na shakkar cewa tsaron halitta aiki ne da mai bi zai yi da zuciya ɗaya. Sai dai manomin da giwa ta cinye masa dawa cikin dare ɗaya, kamar yadda giwayen Waza suka sha yi wa mutanen ƙasar Kaele a Kamaru, shi ma halittar Allah ne, yana kuma da 'ya'ya. Mai gadin da bai iya zama ya saurari wannan mutum ba, ba zai sami wanda zai kira shi a oba-oba ran da mahaya suka iso ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata mai neman aikin ya sani shi ne tukunyar da ake dafa albashinsa ba a hannunsa take ba. Kuɗin Zakuma yawancinsa daga waje yake zuwa, daga Tarayyar Turai da masu ba da taimako, riƙon gandun kuma ya dogara ga jituwa tsakanin gwamnati da baƙuwar ƙungiya. Ran 6 ga Oktoba 2025 ministan muhalli na Cadi ya aika da takarda cewa an soke yarjejeniyar shekara 15 da African Parks. Ya zarge ta da raina hukuma, da rashin zuba isasshen kuɗi, ya ce farautar sata ta fara dawowa. Tarayyar Turai ta nuna za ta dakatar da taimakonta. Ran 17 ga watan ɓangarorin biyu suka fito da sanarwa tare cewa sun shirya, ƙungiyar za ta ci gaba da riƙon gandun yayin da ake tattauna sabuwar yarjejeniya. Kwana 11 aka yi ana wannan ja-in-ja a ofisoshin Njamena. A Salamat kuwa ƙarshen damina ne, ruwa bai gama janyewa ba, hanyoyi ba su bushe ba, lokacin da giwaye suke juyowa daga tudu zuwa kogi, 'yan sintiri suna biye da su.